Shekarar da Malam Kornel Ya Koyi Gaisuwa

Na san abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je Kano hutu. Yaya Asabe ba ta taɓa iya riƙe magana a cikinta ba tun muna yara, kuma tsufa bai gyara ta ba. Ta ce muku uwarku ta bar Inna ta rasu ba su gana ba, saboda wani tsohon Bature wanda ko salla ba ya yi. Ku kuma kuka dawo kuna kallona a kaikaice, ba mai ƙarfin halin tambaya, sai autarku da ta taɓa jefo min maganar da Turanci muna wanke-wanke, na ce ta rufe min baki. To yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ina da lokaci. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga farko, kuma da Hausa, wanda karatun ya yi wa wuya ya nemi mai karanta masa. Maganar Yaya Asabe ba ƙarya ba ce, amma ba ta san sauran ba, domin ba ta taɓa tambayata ba.

A lokacin muna zaune a titin Grand Concourse, a dogon benen nan da lif ɗinsa mai hawa da mutane sama ke aiki ran da ya ga dama. Babanku yana yini a layin direbobi a filin jirgin sama na JFK yana jiran fasinja, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanka da girki da ba da magani. Ofishin da ke tura mu aiki suka ba ni wani tsoho a unguwar Parkchester. Suka ce wasu mata sun je sun gudo, ba don yana duka ko zagi ba, sai don ba ya magana. Sunansa Kornel, mutumin ƙasar Hangari ne, ƙasar da a lokacin ko a taswira ba zan iya nuna muku ita ba. Dogo ne siriri, ya haura tamanin, girarsa fara fat kamar gashin masara. Gidansa tsaf, ba hoto ko ɗaya a bango. Teburinsa cike da takardu, kowace an zane ta da ɗigo-ɗigo an haɗa su da layuka. A bakin ƙofa kuma akwai wata 'yar jakar fata, kullum a ɗaure, wadda ko shagon ƙasa zai sauka sai ya rataya ta.

Ranar farko na shiga da sallama, na gaishe shi da Turancina na kasuwa. Na tambaye shi yadda ya kwana, ko ya karya, ko jiki da sauƙi, ko wani ya leƙo shi. Abin da kowane ɗan mutunci zai yi ke nan. Mutumin nan ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya kafa wa bango ido kamar ba da shi nake ba. Washegari haka, wanshekare haka. Na ɗauka kurma ne, sai ga shi na ji yana yi wa kyanwar maƙwabta magana ta taga. To ka ji fa. Kyanwa ta isa a yi mata magana, ni 'yar mutane da na bar 'ya'yana na hau jirgin ƙasa na zo masa ban isa ba. Na yanke a raina cewa baƙar fatata ce ba ya so, kuma kun san ni, ba na haɗiye abu ya daɗe. Wata safiya na dire masa kofin shayi har ya fantsama, na ce a garinmu ko wanda kuke shari'a da shi ka haɗu da shi a hanya sai kun gaisa, in ba ya son ganina ya faɗa in kama gabana. Sai ya ɗago ya dube ni a karo na farko, ya yi magana a hankali da Turancinsa mai nauyi.

"Wa kike kai wa amsoshin?"

Ban gane ba. Ya nuna wayar da ke aljihuna, wadda muke latsawa mu shaida wa ofis mun iso. Ya ce ya ga ina tambaya, ya ga ina latsawa, ke nan akwai mai karɓa. Dariya ta taso min, amma fuskarsa ta hana ni. Na ja kujera na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce wannan gaisuwa ce, kuma amsarta kowa ya san ta tun kafin a buɗe baki. Ko ciwo na cin ka, ko gobara ka yi, lafiya za ka ce tukuna, in da magana ta biyo baya. Ba mai rubutawa, ba mai kaiwa ko'ina. Sannan in na gama tambayarka, dole kai ma ka juyo ka tambaye ni, ni ma in amsa maka, in ba haka ba ka yi rashin kunya. A nan ya tsayar da ni, ya sa na maimaita wannan na ƙarshen.

"Mai tambayar ma yana amsawa?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"Ko ɗan sanda ne?"

Na ce ko ɗan sanda ne, in dai an yi masa tarbiyya a gidansu.

Sai ya ce in koya masa da harshenmu, domin a duk harsunan da ya sani an riga an ɓata masa waɗannan tambayoyin. Haka muka fara. Ina kwana, lafiya lau. Ina aiki, da godiya. Ya iyali, lafiya ƙalau, duk da ba shi da ko ɗaya. Wurin da muka sha rigima shi ne ina gajiya. Ya ce shi ba zai ce ba gajiya ba alhali a gajiye yake, a sana'arsa ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba. Na ce Malam, ni da na tashi tun asuba na shirya yara na tsaya a jirgi, ba gajiya nake cewa, kai da kake zaune kan kujera me ka ɗauka? Ranar na fara jin dariyarsa, wata irin dariya mai tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Tun daga nan nake ce masa Malam, shi kuma yana ce min Madam Talatu, kuma ba na aje jakata sai mun gama gaisawa har ƙarshe, nawa da nasa.

Labarinsa a hankali na same shi, kuma duk ran da zai ba ni wani yanki sai ya fara buɗe famfon kicin ya bar ruwa yana zuba, don kada bango ya ji. Na yi faɗan ɓarnar ruwa har na gaji na bari. Malamin lissafi ne, tun yana saurayi ana cewa jami'ar babban birninsu ba ta da kamarsa. Irin lissafinsa ba na kasuwa ba ne. Ya taɓa sa ni na ba shi labarin wani suna da na je, wa ta san wa, wa ba ta gaisa da wa ba, yana ɗiga ɗigo yana jan layi, ya ce aikin rayuwarsa ke nan, in taro ya yi yawa akwai tsarin da dole ya bayyana a cikinsa ko an so ko ba a so ba. To a zamanin, bayan wani bore da aka murƙushe da tankokin yaƙi, gwamnatinsu tana kama duk wanda take zargi. Aka zo aka kwashe takardunsa, aka ga ɗigo da layuka, aka ce ai taswirar 'yan tawaye ce, kowane ɗigo mutum ne, ya kawo sunaye. Aka sa shi a ɗaki da mutum biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Bai ba da suna ko ɗaya ba. Amma cikin ƙananan tambayoyin da suke farawa da su, ya kwana lafiya, an ba shi abinci, yau wace rana ce, sai suka tambaye shi wace rana yakan je shan shayi da abokansa malamai. Ya ga ba komai a ciki, ya ce Alhamis. Ranar Alhamis aka je aka kwashe su duka, kuma ɗaya daga cikinsu bai fito da rai ba.

Daga ranar ya yi wa kansa alkawari, duk wanda ya zo masa da tambaya da alƙalami a hannu ba zai ji ko tari daga bakinsa ba. Ya yi shekarunsa a kurkuku ya fito, aka hana shi shiga aji har abada. Aikin da aka ba shi shi ne zuba gawayi a tukunyar ɗumama wata makaranta, a ƙarƙashin ƙasa, yana jin muryar malamai ta cikin bututu suna koyarwa, wani lokacin suna kuskure. Da gawayin yake lissafi a bango, ya goge kafin ya tashi. Abin da ya gano sai ya ba wani aboki ya buga da sunan shi abokin, don kada ya ɓace. Ƙasashen waje suka gane ko waye, suna gayyatarsa, ana hana shi fasfo. Lokacin da aka buɗe musu ƙofar fita daga ƙasar kansa ya yi fari, yara sun ɗora a kan aikinsa sun wuce shi. Ya zo nan ya yi ɗan koyarwa a wata ƙaramar kwaleji har ƙarfi ya ƙare. Ya faɗa min duk wannan ba tare da ya ɗaga murya ba. Ni ce na yi kuka, shi kuwa ya miƙa hannu ya rufe famfon.

Akwai ran da mura ta kwantar da shi, ni kuma da hankalina na Bahaushiya na ce bai kamata mutum ya yi ciwo ba a duba shi ba. Na tura babanku da abokinsa Alhaji Isa su je dubiya. Maza biyu cikin manyan rigunan sanyi suka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da na iso na tarar da su a tsaye da ledar lemo suna mamaki, shi kuma na same shi a ciki ya sa takalmi ya sa hula, jakar nan a kan cinyarsa, yana jiran a tafi da shi. Ranar na ga abin da ke cikinta, safa mai kauri ce da buroshin haƙori da guntun fensir. Babanku ya ji kunya ƙwarai. Bayan haka yakan biya shi kaɗai, ya yi sallama daga nesa ya faɗi sunansa, su gaisa da Hausa, Malam yana gyara masa in ya tsallake wata tambayar.

A wannan shekarar takardun izinin zamana a ƙasar nan suka fito. Ku ba za ku san abin da wannan ke nufi ba, ku da aka haifa da fasfo a baki. Tun da na baro gida ban koma ba, domin in na fita ba dawowa. Na haife ku duka Inna ba ta ɗauki ko ɗayanku ba. Ranar da takardar ta zo na yi sujada a tsakar ɗaki, babanku ya yanko min tikiti, na fara tara tsaraba, atamfa da man zafi da takalmi mai laushi saboda ƙafarta. Inna ta tsufa amma ba ta kwance, tana zuwa masallaci da ƙafarta. Duk wanda ya ce muku na san tana ciwo na ƙi zuwa, ku ce masa Allah yana gani.

Ana saura 'yan makonni in tafi, Malam ya zame a banɗaki ranar da ba na aiki. Maƙwabta suka kira motar asibiti. Karayar da ya samu a ƙugu ba ta yi muni ba, amma a asibitin aka turo mutum biyu da katin aiki a wuya su auna hankalinsa, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Sunanka? Yau wace rana ce? Cire bakwai daga ɗari. Malam ya ɗora hannuwa a gwiwa ya kalli bango. Suka dawo, suka sake dawowa, bai tanka ba. Suka rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ta tafi, ba zai iya zaman kansa ba, suka mayar da shi wani sashe mai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki, suka kai magana kotu a naɗa masa mai kula, a sa shi gidan tsofaffi irin na kulle har ƙarshen ransa. Na je na same shi ya daina cin abinci, jakar tana ƙarƙashin matashinsa. Na gaishe shi ya amsa can ƙasa-ƙasa, nas na shigowa ya yi tsit. Na bi su ofis-ofis ina cewa mutumin nan ya fi mu duka hankali, suna yi min murmushin nan nasu da ke sa ka ji kamar ka mari mutum.

Kotu ta ba shi lauya, wani saurayi mai yawan gumi. Ya kira ni ya ce gaskiya ɗaya ce, in mai shari'a ba ta ji mutumin ya yi magana da kunnenta ba, an gama, kuma bai ga wanda yake yi wa magana ba sai ni. Ranar zaman ta faɗo bayan ranar tafiyata. Na ce a matso da ita, ya ce ba hali. Na ce a ɗaga sai na dawo, ya ce ana iya ɗagawa, amma sabuwar rana sai bayan watanni, kuma duk tsawon lokacin Malam yana bayan ƙofar nan. Na tuna yadda na ga wuyansa ya zama kamar na kaza. Na san ba zai kai ba.

A gida aka yi ta yi. Babanku, da Hausarsa ta Maraɗi, ya ce bon, wato to, shi bai hana taimako ba, mutumin kirki ne, amma uwa uwa ce, kuma ƙasar nan tana da hukuma da likitoci, ba a kaina aka ɗora ta ba. Matan unguwa suka ce in rufa wa kaina asiri, mai sabuwar takarda ba ta kai kanta kotu. Ofishinmu suka ce ba ruwansu, in na je da ƙafata na je. Yaya Asabe ta yi ta ihu a waya har sai da na janye ta daga kunne. Ku kuma kuna ta tambaya da Turanci ko tafiyar tana nan, don kun ba ni saƙon abubuwan da zan sayo muku. Da na rasa yadda zan yi, na kira Inna da kaina na gaya mata komai, na ce wata ɗaya kawai zan ƙara. Ta saurara har na gama.

"Shi mutumin ba shi da kowa?"

Na ce babu, Inna.

Ina jin kaji a bayanta. Sannan ta ce, "To, Allah ya kai mu. Ni dai na sa an shafe ɗakin naki, an sa sabon labule."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce zauna ba, ba ta ce taho ba. Na so a ce ta ba ni izini, da na fi samun barci a shekarun nan, amma ba zan sa mata magana a baki tana kabari ba. Ni na zaɓa. Na sa babanku ya ɗaga tikitin, ya ɗaga, amma muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar zaman, ina shirin fita sai na gan shi ya ɗauki makullin mota. Ya kai ni, ya bar layinsa na filin jirgi, ya shigo ya zauna a bencin baya da hularsa a hannu. Aka turo Malam a keken marasa lafiya, jakar a cinyarsa. Mai shari'ar mace ce, ta manyanta, tabarau a kan hanci, alƙalami a hannu. Likita ya tashi ya yi bayani, ya ce an ce mutumin malamin lissafi ne amma ya kasa cire bakwai daga ɗari. Mai shari'a ta juya ta tambayi Malam sunansa. Shiru. Ta tambaye shi ko ya san inda yake. Ya kalli bango. Lauyanmu ya jiƙe sharkaf. Aka kira ni, na faɗi abin da na sani, har labarin Alhamis, ina neman gafararsa a zuciyata don ba a buɗe famfo ba. Sai lauyan asibitin ya miƙe ya ce ai dole in faɗi haka, tunda in aka kai tsohon gidan kulle aikina ya ƙare. Nan raina ya ɓaci. Na manta da kotu, na manta da sabuwar takarda, na juya wajen mai shari'ar da Turancina yadda ya zo.

"Ranki ya daɗe, tun da aka shigo da shi ba wanda ya gaishe shi. Kowa tambaya yake yana rubutu. Ya girmi ubanku duka."

Na ji babanku ya yi salati daga baya. Matar ta dube ni ta saman tabarau, na ce shi ke nan, yau na jawo wa kaina. Sai ta ce in nuna mata abin da nake nufi. Na sauko na je gaban kekensa na durƙusa yadda ake durƙusa wa babba, gwiwar nan da yanzu ta ƙi ni a lokacin tana lanƙwasuwa.

"Malam, ina kwana?"

Sai ya sauke ido daga bango.

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Muka bi ta har ƙarshe, sannan ya juyo min da ita, ya tambaye ni kwana da aiki da yara, ina amsawa, kotu ta yi tsit ana jin Hausa a bakin tsohon Bature. Na yi wa mai shari'a bayani a taƙaice, cewa a wajenmu mai tambaya shi ma yana amsawa. Ban gama rufe baki ba Malam ya juya kekensa da kansa ya fuskance ta, ya tambaye ta da Turanci, cikin ladabi, yadda ta kwana. Wallahi na ɗauka za ta tsawata. Ta dube shi, ta dubi alƙalamin hannunta, sai ta aje shi a kan tebur ta ture shi gefe. Ta ce ba ta kwana da daɗi ba, bayanta na damunta. Ya ce yaya aiki, ta ce ya yi yawa. Ya ce yaya iyali, ta ce ɗanta ya daina kiranta a waya, ban da haka lafiya. Sannan ta ce shi fa, yaya ya kwana?

Ya ce, "A bayan ƙofar da ba ta buɗuwa. Na taɓa kwana a irinta, ba na so in mutu a irinta."

Daga nan suka yi ta magana kamar sun san juna. Ya faɗi sunansa, da ranar, da magungunansa ɗaya bayan ɗaya da abin da kowanne ke yi. Da ta zo kan bakwai daga ɗari ya ce casa'in da uku, amma tambayar ba ta da daɗi, in tana da lokaci zai ba ta wadda ta fi. Ta yi dariya ta ce wata rana. Kafin azahar ta yanke cewa mutumin nan da hankalinsa, a mayar da shi gidansa a ƙara masa masu taimako. Babanku ne ya kai shi Parkchester a motarsa. A gidan ya ƙare kwanakinsa bayan wasu shekaru, a kan gadonsa, makullin ƙofarsa a aljihunsa.

Ni kuwa na koma kan tsarabata, na ƙara mata turare. Ranar tafiya ta matso har na fara bankwana da mutane. Wata safiya ina shafa wa autarku mai a jiki, sai waya ta yi ƙara, ƙanina ne. Inna ta yi alwala za ta yi walaha, ta zauna a bakin ƙofa ta ce kanta na juyawa, kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Kafin la'asar ta can an kai ta. Ba jirgin da zai kai ni, ko da a bakin ƙofa yake. Na zauna a ƙasa kusa da akwatin, takalmin nan mai laushi yana sama. Da na tafi ranar da aka fara yanka min, da na yi makonni tare da ita a ɗakin da ta sa aka shafe. Na yi wannan lissafin sau ba adadi, ba sai Yaya Asabe ta taya ni ba.

Aka yi zaman makoki a gidanmu, takalma har matakala, maza a falo mata a ɗaki. Mutanen Nijar da na Gana da namu duk sun zo, kowa ya shigo ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, bakina na faɗa ba tare da ni ba. Ranar sadakar uku da hantsi, sai na ji an ce wani Bature ne a ƙofa da sanda. Malam ne. Mutumin da bai shiga gidan kowa ba tun da ya zo ƙasar nan, wanda taron maza ke sa shi rawar jiki, ya hau mota shi kaɗai, ya tambayi hanya, ya hawo matakalar nan da ƙugunsa da bai gama warkewa ba, domin ranar ma lif ɗin ba ya aiki. Ya cire takalminsa ya jera cikin na mutane. Na dubi kafaɗarsa, babu jakar. Na ji yana tambayar babanku a hankali wace gaisuwa ake yi a irin wannan rana, babanku ya gaya masa, ya maimaita sau biyu. Aka kawo shi bakin ƙofar ɗakin mata, ya dafa sanda ya rusuna iyakar yadda zai iya.

"Madam Talatu, ya haƙuri?"

Na buɗe baki, amsar da na yi kwana uku ina bai wa kowa ta ƙi fitowa. Ni da na koya masa cewa ko gobara ka yi lafiya za ka ce, na zauna ina kallonsa. Ban san ko haushinsa nake ji ba ko tausayinsa, ina jin duka biyun ne. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni, ta ce haba Talatu, ce masa da godiya mana, bawan Allah ya taso tun daga nesa. Sai Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya yi magana da Turanci.

"Ku bar ta. Ba dole ne ta amsa ba."

Aka ba shi kujera a bakin ƙofar. Ya zauna ya ɗora hannuwansa a gwiwa, amma bai kalli bango ba, ni yake kallo. Aka kawo masa tuwo ya ci kaɗan, aka yi azahar yana zaune, sai bayan la'asar babanku ya mayar da shi gida. Na ci gaba da zuwa masa har ƙarshen ransa, muna gaisawa kowace safiya, nawa da nasa, amma wannan tambayar bai sake yi min ita ba, ni ma ban taɓa amsa masa ba.